Tokar Gidan Zakari

Damagaram, Litinin 18 ga watan Maris, 1985

Zuwa ga ƙanena Zakari, a Abijan.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da abokan zamanka na can. Allah ya tsare ka daga sharrin baƙunta, ya buɗa maka ƙofar da ta rufe, ya maido mana da kai muna raye. Mu nan mun gode Allah. Matata Shatu tana nan, ƙafar da take damunta ta yi sauƙi, yara kuma suna zuwa lakkwal, makarantar boko, ranar da suka samu ƙarfin zuwa. Gwaggo Larai ta baro Dogo tun watan jiya, tana gidana, don rumbunsu ya zama ɗakin ɓeraye, su ma ɓerayen sun watse. Kullum sai ta ambace ka bayan sallar asuba.

Halin gari kuwa ba sai na tsawaita ba, ka ji a rediyo, sai dai abin da rediyo take faɗa bai kai rabin abin da ido yake gani ba. Daminar bara ba ta yi ba, gero ya tsaya a gwiwa ya bushe. An rufe iyaka, abin da yake shigowa daga Kano ya yanke. Mutanen arewa sun sauko da 'ya'yansu ba dabba ko ɗaya a bayansu, sun kafa bukkokin tsumma a bakin gari. Ruwa kuwa ka san Damagaram ko a shekarar arziki, balle yanzu. Ni keken ɗinkina ya fi sati uku ban ɗaga masa murfi ba sai don faci, wa yake ɗinka riga da cikinsa yana kuka? Na san saƙon da kake aiko wa iyalinka ya tsaya tun bayan babbar Sallah, na kuma san ba da son ranka ba ne, Suma'ila direban kamiyo, babbar motar kaya, ya gaya mini aiki ya yi wuya a bakin teku.

Takardarka da ya kawo ta iso, na sa gilashi na karanta ta sau biyu, kuma ba zan ɓoye maka ba, raina ya ɓaci. Layi uku ka yi wa mutane, sauran shafi biyu duk na balo ne. In je tsohon filin balo in gano maka, in gaishe da Illa mai layi, in duba ko an tsare maka wurin zamanka, in rubuto maka ko 'yan Birni sun ci 'yan Zango. Na ce da Shatu, ki ji yaron nan, gari yana ci da wuta shi yana tambayar fatar da ake harbi da ƙafa. Shekara arba'in da huɗu ina cikin garin nan ban taɓa taka filin nan ba, kai ma shaida ne, tun kana guduwa daga shagon Baba ina bin ka da tsumagiya. Shatu ce ta ce in je, wanda yake nesa da gida abin da ya fi ƙanƙanta shi yake riƙe shi. Ban yarda da ita ba, amma ranar Lahadi ta sati biyu da suka wuce na sa hula na tafi, ina tsaki tun daga ƙofar gida.

To, na gan shi. Ban san haka ya tsufa ba. Katangar ƙasa ta zube ta gefen gabas, an toshe da ƙaya. Matakan sumuntin nan da kuke fahariya da su, waɗanda aka ce an zuba tun zamanin Nasara kafin a haife ni, duk sun tsattsage, kwanon da ke samansu rabi ya tafi, rabi yana kuka in iska ta taɓa shi. Turakun raga kuwa ƙarfen famfo ne da aka yi wa walda, ragar ma igiyar kaba ce saƙar hannu. Amma wani dattijo da na zauna kusa da shi ya dinga nuna mini wuri wuri kamar mai nuna kushewar kakanninsa: nan ne aka fara bugawa da sojan bariki aka ci su, nan ne mai tsaron gidan Birni ya karye a shekarar samun mulkin kai ya ƙi fita, can kan duwatsun nan na bayan katanga ne marasa abin shiga suke hawa su yi kallo tun yana yaro. Na ɗaga kai, duwatsun cike suke, amma ba da yaran gari ba. Baƙin nan ne na arewa, maza da mata, sun zauna shiru da mayafansu, suna kallon ƙasa kamar masu jiran a raba wani abu.

Mutanenku suna nan, sai dai sun ragu, kuma riguna sun yi musu yawa. 'Yan Birni a hagu da jan ƙyalle a hula, 'yan Zango a dama da kore, ba mai tsallakawa. Ɗan Azumi makaɗi yana nan da gangarsa, muryarsa ta dushe amma hannun bai mutu ba. Kafin a fara sai arbit, alƙalin wasa, ya busa, kowa ya miƙe, aka kira sunayen 'yan kallon da suka rasu cikin watan, na ɓangare biyu duka, mutum bakwai, aka yi musu fatiha. Ba ganga, ba tari. Uku daga cikinsu na ɗinka musu riga da hannuna. Wurinka kuma yana nan, mataki na uku jikin ginshiƙi. Ba wanda yake zama. Da na ce ni yayanka ne sai suka yi caa a kaina, wannan ya riƙe hannu, wannan ya ce yaushe Sarkin Ihu zai dawo, ashe sunan da suke kiranka ke nan, mu a gida ba mu sani ba. Suka ce in zauna a wurin. Na ƙi, na zauna a gefensa.

A nan na fara ganin Illa mai layi, tsoho siriri mai ido ɗaya, yana tafe a duƙe da gwangwanin da aka huda wa gindi yana ƙarasa zanen fili. Na tambayi dattijon nan wace irin farar ƙasa ce wannan mai duhu-duhu, sai ya dube ni kamar na tambayi inda alƙibla take. Ya ce toka ce. Ya ce tun da aka kafa filin nan ba a taɓa sayen farar ƙasa ba, kowane gidan ɗan kallo yana tara tokar murhunsa, ranar Asabar Illa ya zaga da jaki, ya tsaya a ƙofar zaure ya yi kira, a miƙo masa kwano. Tokar Birni ta zana rabin Birni, ta Zango ta zana nata, da can har gori ake yi wa waɗanda layinsu ya fi siranta, a ce matansu ba sa tuwo. Ya ce ɗigon tsakiya kuwa, inda ake ajiye balo a fara wasa, shekara goma sha ɗaya ke nan da tokar gidanka ake yin sa, girmamawa ce da aka yi maka, kuma ko bayan tafiyarka ba ta taɓa fashi ba. Bana dai ba mai yi wa wani gori. Layukan duka sun zama kamar zare, wani wurin ma sai an bi da ido a hankali kafin a gane.

Wasan ba zan iya ba ka labarinsa yadda kake so ba, ban san kansa ba. Na dai ga an rage lokaci, rabin awa rabin awa, don yaran ba su da ƙarfin da za su kai. Na ga ɗaya ya tsaya a tsakiyar gudu ya dafa gwiwa, abokin hamayyarsa ya bar balon ya riƙe shi har ya dawo hayyacinsa, kuma ba wanda ya yi ihu a kai. 'Yan Birni sun ci ɗaya, 'yan Zango suka rama, haka aka tashi. Da balon Birni ta shiga, sai duk ɓangaren hagu suka juyo wajen ginshiƙinka suka yi wata irin kuwwa mai ja sau uku, suka ce taka ce, su suke biya maka kafin ka dawo. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne lokacin hutu. Wata babbar ƙwarya aka ɗauko aka rufa mata tsumma, tana bi hannu hannu. Kowa ya cusa hannunsa ƙarƙashin tsumman, mai ɗan gero a aljihu ya zuba, mai dawa ya zuba, wanda ba shi da komai shi ma ya cusa hannu ya fitar, ba mai sanin na wani. Aka ce duk gidan da kwanon tokarsa bai fito ba Asabar biyu a jere, an san wuta ta mutu a murhun, sai Illa ya kai musu rabonsu ya ajiye a zaure ba tare da ya ce komai ba. Gida arba'in da ɗaya ne a zagayensa na Birni, goma sha tara sun daina ba da toka. Na ji kunyar tsakin da na yi a hanya, na ji kunyar aljihuna da na zo da shi wayam.

Da aka watse ina neman takalmina sai Illa ya taɓa ni, ya ce in ni ne Mala yayan Zakari yana da magana. Ya ja ni bayan matakan inda yake ajiye buhunansa. Ya daɗe yana kame-kame, ya ce shi aikinsa ya sa ya san cikin gidajen mutane ba tare da ya shiga ba, don haka tun yana saurayi ya ɗaure bakinsa, amma wannan ta fi ƙarfinsa. Ya ce tokar girki daban take. Tana da nauyi, tana da ɗan gawayi, wani lokaci ƙashi ko ɓawon albasa, in ka kai hanci za ka ji miyar da ta zuba. Ya ce tokar gidanka ta daina wannan ƙamshi tun wata uku. Da fari ta koma baƙa mara nauyi, irin ta zana da tsohuwar tabarma. Daga baya ta koma ta kara. Sai ya kwance bakin zanen da ya ɗaura a ƙugu ya zuba mini wani abu a tafin hannu. Ƙananan ƙusoshi ne, Zakari, sun yi baƙi, da wani ɗan ƙarfen makulli na akwati. Ya ce a kwanon Asabar biyu da suka wuce ya tace su. Ya ce ya rasa yadda zai yi, don ƙa'idarsu gidan da kwanonsa bai fito ba ake kai wa hatsi, wannan kuwa kwanon yana fitowa cike har da tozo, in ya kai ya tona asirin matar da take ƙone kayan ɗakinta don ta rufe shi.

Ban san yadda na iso gida ba. Ka san tsakanina da matarka Kellu sai gaisuwa daga zaure, ni a matsayin uba nake gare ta, ban taɓa wuce labulen gidanka ba. Duk sati biyu ina tura Shatu, ta dawo ta ce Kellu ta tare ta a zaure da fara'a, ta ce lafiya lau, akwai sauran abin da ka aiko. Ni kuma na karɓa, don abin da nake son ji ke nan. Wannan laifina ne, ba zan ɗora wa kowa ba. Washegari da safe na ɗauki Shatu muka tafi, na ce mata yau ko za a yi faɗa sai ta shiga har ƙurya. Ta shiga. Ina tsaye a zaure na ji salatinta, sai na ajiye kunya na bi ta. Zanan da ya kewaye makewayi babu. Rufin rumfa babu. Gadon karanta babu, akwatin katakon da aka kawo ta da shi babu, jeren kwanoninta na aure ya rage uku, ta sayar ɗaya bayan ɗaya tana sayen dusa da garin rogo tana jiƙa wa yara da ruwan sanyi. Tukwane a kife, gizo-gizo ya yi saƙa a cikin ɗaya. Ɗakinka kaɗai ne ba a taɓa ba, komai yana nan yadda ka bar shi, har tabarmar sallarka.

'Yarka Fanta ta rame amma tana tsaye da ƙafarta. Ƙaramar kuwa, takwarar Inna, wadda aka haifa bayan tafiyarka ba ka taɓa ɗaukarta ba, tana zaune jikin bango ba ta kuka ba ta wasa. Ƙafafunta sun kumbura, gashinta ya yi ja ya yi laushi, na danna yatsa a ƙafar sai wurin ya lotsa ya ƙi tasowa. Kellu ta ja mayafi ta juya mini baya ta durƙusa, Shatu take yi wa magana ina ji. Ta ce ranar da za ka tafi abu biyu ka bar mata a bakin ƙofa. Ka ce a gidan nan ka bar ta a nan kake so ka same ta, kuma ka ce ko me za a yi kada kwanon Illa ya koma wayam, don ranar da tokar gidanka ta yanke ranar ce za a ce Zakari ya tafi ya bar iyalinsa da yunwa. Ta ce ita ba ta san ana kai wa marasa toka hatsi ba, wannan bana aka fara, ita kuwa ba ta fita. Shatu ta ce to yanzu da kika sani fa? Kellu ta ce ko da ta sani, maganar dai taka ce, ba tata ba. Na san kai da dariya ka faɗa, kana saɓa jaka, irin maganarka ta cika baki. Ita ba da dariya ta ji ba.

Mun kai yarinyar gidan likita a ranar. Ma'aikaciyar ta ce ba magani take bukata ba, abinci ne, kunu mai ɗumi kaɗan kaɗan sau shida a yini, kuma a riƙa kawo ta awo duk bayan kwana biyu, in aka yi sakaci wata ɗaya ba ta ɗauki alkawarin komai ba. Gidan likitan yana bayan gidana, daga naka kuwa tafiya ce ta ƙetare gari cikin wannan rana. Yanzu sati biyu ke nan Shatu tana ɗaukar kwano tana kai musu sau ɗaya a yini da ƙafar nan tata, kafin ta isa ya huce. Na ba Illa izini, ya kai musu tiya ɗaya ta gero daga ƙwaryar fili, Kellu ta karɓa tana kuka. Amma gaskiyar da zan gaya maka ita ce, tukunya ɗaya in an ƙara mata ruwa za ta ɗauke mu duka, mu goma sha biyu, tukunya biyu a gida biyu da itace biyu da ruwa biyu ba zan iya ba. Na share ɗakin da nake ajiye keke na ce ta dawo. Ta ƙi. Na ce ta ba mu yarinyar, ta ba mu, yarinyar ta ƙi karɓar komai daga hannun kowa, ta yini tana kallon ƙofa, dole muka mayar. Shatu ta ce za ta riƙa ba Illa tokar gidanmu da sunanka, Kellu ta ce tokar gidanka ka ce. Gwaggo Larai ta je da kanta ta yi faɗa har muryarta ta shaƙe, Kellu ta ba ta haƙuri ta rako ta zaure. Na yi fushi da ita ƙwarai, amma da na kwanta na ga ban da ikon yin fushi da macen da ta ƙone gadonta don kada a zagi ƙanena.

Har na yi tunanin in rubuta takarda da sunanka in karanta mata. Allah ya kiyaye ni, kuma ma ba za ta yi aiki ba, don ta riga ta gaya wa Shatu cewa ita ba ta karatu, takarda kowa yana iya rubutawa, da bakinka ka ɗaure ta, da bakinka za ka kwance ta. Saboda haka ga abin da nake so, kuma ba roƙo nake ba, yayanka ne yake magana. Suma'ila zai kwana biyu kacal a Abijan ya juyo. Ranar da takardar nan ta shiga hannunka, kafin ka ci abinci, ka nemi mai rakoda ka ɗauki muryarka a kaset. Kada ka yi wasa a ciki, kada ka yi mata kirari, kada ka tambayi labarin fili. Ka kira sunanta, ka ce ta kulle gidan ta koma gidan Yaya da yara, ka ce ka yafe mata tokar, ka faɗa sau biyu yadda ba za ta ce ba ta ji daidai ba. In kana tsoron abin da mutanen fili za su ce, na riga na ji da kunnena. Illa ya ce ɗigon tsakiya ko da yatsa sai ya zana shi, ba wanda ya taɓa fasa wasa don ɗigo. In Allah ya kai Suma'ila lafiya ya dawo da shi lafiya, kwana goma sha takwas ne. Na ƙirga su a kan watan da ma'aikaciyar nan ta faɗa, sati biyu sun riga sun tafi, ka ƙirga da kanka.

Ka gaishe mini da Habu ɗan Kawu na Gafati in kuna haɗuwa, ka ce masa mahaifiyarsa tana nan da rai, ta samu saƙonsa. Ka gaishe da maigidan da ya ba ka masauki, Allah ya saka masa. Gwaggo Larai tana gaishe ka, ta ce sauran maganarta sai ka dawo. Shatu da yara suna gaishe ka. Fanta ta ce a gaya wa Baba ta iya tuƙa tuwo, saura a samu garin. Kellu ma na aika an tambaye ta ko tana da saƙo. Ta ce in gaishe ka da kyau, in ce kada ka damu, kuma in tabbatar na rubuta maka cewa tun ranar da ka tafi kwanon bai koma wayam ba ko sau ɗaya. Na yi mata alkawari zan rubuta, ga shi na rubuta.

Allah ya ba mu damina, ya sada mu da alheri. Wassalam.

Ni ne yayanka,
Mala